Shagon Furanni A Zango: Hajar Da Ba Ta Jiran Mai Saye

Duk wanda ya halarci bukukuwan aure a Nima ko Mamobi ko Sabon Zango cikin 'yan shekarun nan, ya ga abin da iyayenmu ba su gani ba a nasu zamanin. A da, idan an kafa rumfa, an jera kujeru, an sauke tukwanen abinci, makaɗa sun iso, to wuri ya haɗu. Yanzu kuwa sai an gina wa ango da amarya dandamali, an lulluɓe bangon bayansu da furanni tun daga ƙasa har sama, amarya kuma ta fito riƙe da damin fure a hannun da ya sha lalle. Wasu dattawanmu na ganin wannan almubazzaranci ne, wasu kuma na cewa kowane zamani da irin adonsa. Mu samari ba mu zo yanke hukunci a tsakaninsu ba. Abin ya riga ya shigo, kuma babu alamar zai fita.

Abin da ya dame mu shi ne inda kuɗin ke tafiya. Abincin biki a zango ake dafa shi, ɗinkin yayi telolinmu ke yin sa, lalle da kitso da kwalliya duk 'yan'uwanmu mata ne ke cin moriyarsu. Amma da an zo batun fure, sai a ɗauki waya a kira wani shago a Osu ko Cantonments ko East Legon, a biya kuɗi mai kauri ba tare da an san abin da aka saya ba, alhali ga matasanmu nan da suka gama sakandare suna zaune a majalisar shan ataya daga safe har dare. Wasu daga cikinsu, akasari mata, sun fara gwada sana'ar. Wata a kwantena, wata a zauren gidansu, wata ma ba ta da shago sai lambar WhatsApp da shafin Instagram. Mun zauna da su, mun raka su wajen sayen kaya, mun kuma taya su ɗaukar bokitai a daren jajiberen biki. Babban abin da muka fahimta shi ne, fure haja ce mai rai wadda ta kama hanyar mutuwa tun ranar da aka yanke ta, kuma duk wanda ya shiga harkar da tunanin mai sayar da atamfa ko buhun shinkafa, ba zai daɗe ba jarinsa zai koma shara.

Kafin mu ci gaba, za mu riƙa cewa fure a wannan rubutu, domin a bakinmu kalmar fulawa ta haɗa da ta ado da ta burodi, kuma ba ma so wani ya karanta rabi ya tafi sayen tanda.

Mu fara da wardi, wato ros, tunda shi kowace amarya ke fara ambata. Irin wardin da ake gani a hotuna, mai dogon kara da babban kai, ba ya son zafin bakin teku irin na Accra. Yana son wuri mai tudu, inda ake rana mai haske da dare mai sanyi. Shi ya sa mafi yawan wanda ake sayarwa a nan daga waje yake zuwa ta jirgin sama. Kenya ce kan gaba a Afirka, musamman gonakin da ke kewaye da tafkin Naivasha, wanda ke kan tudu mai kusan mita 1,900 sama da teku. Habasha ma ta yi nisa a harkar, tana da manyan gonaki a wurare irin su Ziway da Holeta. Akwai kuma ƙasar Holan, inda babbar kasuwar gwanjon furanni ta Aalsmeer take kusa da Amsterdam, kuma wani abin mamaki shi ne furen da aka noma a Afirka kan je can a yi cinikinsa, sannan ya sake dawowa Afirka da sabon farashi. Ana ɗaure wardi goma-goma ko ashirin-ashirin, ana kuma yi masa kuɗi gwargwadon tsawon karansa, santimita 40 ko 50 ko 60 ko 70. Wanda bai san wannan ba sai a ba shi gajere a karɓi kuɗin dogo.

Daga gona har hannun dillali, ana ƙoƙarin riƙe wardi cikin sanyin da bai wuce digiri 2 zuwa 4 ba. Kowace sa'a da ya yi a cikin zafi tana rage masa kwana, ko da kuwa ido bai nuna ba a lokacin. To a duba garinmu, inda rana kan haura digiri 30 a mafi yawan watannin shekara, musamman daga Fabrairu zuwa Afrilu. Kwalin da ya yi rabin yini a filin jirgi yana jiran takardu, sannan ya shiga cunkoson motoci a bayan tasi maras sanyi, zai iya isowa da kyan gani, amma bayan kwana biyu sai a ga kawunan sun sunkuya kamar ɗalibin da malam ya ritsa. Dillali ya riga ya karɓi kuɗinsa. Mai ƙaramin shago ce za ta tsaya gaban uwar amarya tana ba da haƙuri.

Bugu da ƙari, duk abin da ya hau jirgi da dala ake lissafa shi. Ba mu manta da shekarar 2022 ba, lokacin da dala ɗaya ta tashi daga wajen sidi 6 a farkon shekara ta haura sidi 14 a watan Nuwamba, hauhawar farashi kuma ta kai kashi 54.1 cikin ɗari a Disamba. Duk wanda ya yi alkawarin fure a watan Yuni don bikin Disamba a wannan shekara, da aljihunsa ya cika alkawarin. A 2025 sidi ya farfaɗo sosai, amma darasin yana nan: kada a yanke farashin furen waje watanni kafin biki ba tare da an rubuta cewa zai iya canzawa ba.

A nan ne muke ganin matasanmu na da wata dama da manyan shaguna ba su cika kulawa da ita ba, wato furannin da ƙasar nan ke fitarwa da kanta. Wanda ya taɓa hawa tsaunin Akuapem zuwa Aburi, inda Turawa suka buɗe lambun tsirrai a shekarar 1890, ya ga irin abin da ƙasar Gana ke iya yi idan ta sami ruwa da inuwa. Akwai helikoniya mai kama da ƙafar ƙaguwa, ja da ruwan ɗorawa. Akwai cittar ado, 'yar'uwar cittar da muke sawa a koko, wadda ke fitar da babban kai ja ko ruwan hoda. Akwai anturiyam mai sheƙi kamar an shafa masa mai, wanda kan yi mako biyu ko fiye a cikin ruwa bai canza ba. Ga ganyen kwakwar ado da sauran manyan ganyaye waɗanda ke cika wuri da kuɗi kaɗan. Waɗannan an halicce su ne don zafi, ba sa buƙatar jirgi, ba sa jin labarin dala. Masu renon tsirrai na bakin titi a cikin gari, da lambun Ma'aikatar Wuraren Shaƙatawa da Lambuna da ke Cantonments, duk wurare ne da mai koyo zai je ya ga tsirran da idonsa ya kuma tambayi sunayensu. Haka nan baje-kolin lambu da furanni na Gana, wanda aka fara a 2013 kuma aka sha gudanarwa a filin Efua Sutherland, wuri ne da manoman fure da masu saye ke haɗuwa. Ba mu cika ganin 'yan zango a irin wannan taro ba, kuma babu wanda ya hana mu shiga.

Sai dai akwai wani tarko da ya kamata a sani. Furannin ƙasashe masu zafi ba sa jure firij. Idan aka sa anturiyam ko helikoniya ko okid a sanyin da ya yi ƙasa da wajen digiri 10 zuwa 12, sai su yi baƙi-baƙi kamar ayabar da ta kwana a firij. Ke nan sanyin da ke raya wardi shi ne ke kashe waɗannan. Mai shago na buƙatar wuri biyu, firij don na waje, da kuma ɗaki mai inuwa da iska don na gida. Helikoniya kuma ba ta ƙara buɗewa bayan an yanke ta, saboda haka yadda aka saye ta haka za ta zauna, kada a ɗauki wadda ba ta buɗe ba ana fatan za ta yi kyau ranar Lahadi.

Ba kowane fure mai kyau a bishiya ne ke yin kyau a tulu ba. Boganbiliya da ke lulluɓe katangun gidajen masu hali tana zubewa cikin 'yan sa'o'i idan an yanke ta. Furen ado ɗan'uwan soɓorodo kwana ɗaya yake yi. Furanjifani na da ƙamshi mai daɗi, amma farin ruwan da ke fita daga jikinsa na sa ƙaiƙayi, kuma bai kamata ya taɓa ido ba.

Aikin yau da kullum a shagon fure, in za a faɗi gaskiya, wankin bokiti ne. Wanda ke tunanin zai zauna cikin ƙamshi yana ɗaukar hoto, ya sake tunani. Abin da ya fi kashe fure shi ne ƙwayoyin cutar da ke taruwa a cikin ruwa su toshe hanyar da kara ke sha. Don haka da kaya sun iso, sai a cire duk ganyen da zai nutse a ruwa, a yanke gindin kowane kara a karkace da wuƙa ko almakashi mai kaifi, a tsoma nan take cikin bokitin da aka wanke da bilic, a bar su su sha na wasu sa'o'i kafin a fara haɗa komai. Bayan kwana biyu a canza ruwa a sake yanka. Akwai garin abincin fure da ake sayarwa a 'yan ƙananan leda, idan kuma ba a samu ba ana iya haɗawa a gida: ruwa lita ɗaya, ruwan lemun tsami babban cokali biyu, sukari babban cokali ɗaya, bilic rabin ƙaramin cokali. A cikin ruwan ake zuba kowanne, kada a haɗa bilic da lemun tsami su kaɗai, domin suna fitar da iska mai cutarwa. Ruwan rijiyar burtsatse mai gishiri-gishiri, irin wanda ake samu a wasu unguwannin da ke kusa da teku, ba ya yi wa fure kyau.

Wurin da aka kafa shago ma yana da nasa hukunci. Ayaba da mangwaro da tumatir idan suna nuna suna fitar da wata iska da ake kira etilin, wadda ba a gani ba a jin warinta, amma tana tsufar da fure da sauri. Hayaƙin mota da na gawayi ma suna ɗauke da ita. Wanda ya san babban titin Nima ranar Laraba, ranar kasuwa, ya san cewa kwantenar da ke tsakanin mai sayar da ayaba da tashar tiro-tiro ita ce wuri mafi muni da za a ajiye kaneshan, ko da kuwa nan ne jama'a suka fi wucewa. Gara ɗaki a cikin lungu mai inuwa, a bar waya ta kawo masu ciniki. Kuma firij ɗin fure na fure ne kaɗai, ba a ajiye ragowar 'ya'yan itace a ciki. Batun wuta kuwa, duk wanda ya rayu a zamanin dumso na 2014 da 2015 ba ya buƙatar a yi masa wa'azi. Ko ƙaramin janareta, ko yarjejeniya da mai ɗakin sanyi a kusa, dole a tanadi ɗaya kafin a karɓi aikin da ya ƙunshi wardi mai yawa.

Lissafin ribar ma daban yake da na sauran sana'o'i. Ga misali, kuma misali ne kawai don a gane. A ce an sayo kara 100 a kan sidi 10 kowane, jimla sidi 1,000. Wasu sun karye a hanya, wasu sun yanƙwane kafin ranar aiki, 80 suka rage. Ashe kowane kara ya tsaya a kan sidi 12 da rabi, tun ba a sa kuɗin mota da ribon da waya da soso da wuta da ladan hannu ba. Wadda ta sayar a sidi 13 tana murnar ta ci ribar sidi 3, aikin banza ta yi. Wannan ne ya sa waɗanda suka fi daɗewa a cikin 'yan'uwanmu ba sa cika shago da ɗanyen fure suna jiran mai wucewa. Sai an ba da aiki, an biya kafin alƙalami wanda zai isa sayen kayan gaba ɗaya, sannan su je wajen dillali. Wannan ƙa'ida tana da wuyar riƙewa a zango, domin kowa ɗan'uwan kowa ne, kuma mai zuwa neman bashi ko gwaggo ce ko ƙawar uwa. Amma mai shinkafa idan aka fasa biki zai mayar da buhunsa sito, mai fure kuwa ba ta da inda za ta mayar.

Akwai kuma wani giɓi da ya shafe mu mu kaɗai. Shagunan fure a sauran unguwannin Accra na samun ciniki mai yawa daga zoben furen da ake kaiwa jana'iza, kusan kowace Asabar. Mu kuwa mamacinmu ba ya kwana, kuma ba mu ɗora fure a kabari. Wadda ke son yi wa maƙwabtanmu Kirista irin wannan aiki, ta tuntuɓi malaminta, ba mu ne masu ba da fatawa ba. Abin da muka sani shi ne dole a nemi abin da zai cike wannan giɓi, kamar adon wurin suna da walimar saukar Alƙur'ani da tarbar alhazai, da sayar da tsirrai a tukunya ga ofisoshi, da kuma hayar furen roba da labule da tuluna, wanda shi ne ainihin abin da ke biyan kuɗin haya a watannin da babu biki. Kalandarmu ma tamu ce. A watan azumi ciniki na tsayawa cak, amma a Sha'aban kowa na rige-rigen ɗaura aure kafin a ga wata. A shekarar 2025 da ta 2026, watan Sha'aban ya haɗa da ranar 14 ga Fabrairu, lokacin da duniya gaba ɗaya ke wawason jan wardi kuma farashinsa ke tashi, ga kuma iskar hunturu da ke busar da fure kamar yadda take busar da leɓe. Amaryar da ta dage sai jan wardi a irin wannan mako, ta zaɓi lokaci mafi tsada a shekara.

Batun takardu ba shi da tsawo. Ana yi wa sunan kasuwanci rajista a Ofishin Magatakardan Kamfanoni, lambar Ghana Card ita ce lambar haraji ta mutum tun 2021, ana kuma karɓar izinin gudanar da kasuwanci daga majalisar yanki, wato Ayawaso ta Gabas ga mutanen Nima, Ayawaso ta Arewa ga na Mamobi. Shigo da fure daga waje na buƙatar izini daga sashen kare lafiyar tsirrai na Ma'aikatar Abinci da Noma, kuma shawararmu ga mai farawa ita ce ta bar wannan ga manyan dillalai tukuna.

Yanzu sai mu juya ga amare da iyayensu mata, domin su ne ke fitar da kuɗin. 'Yar'uwa, kafin ki buɗe waya ki nuna hoton bikin wata a Landan ko Dubai, ki fara gaya wa mai fure abu uku: ina za a yi taron, ƙarfe nawa, kuma wane kaya za ki sa. Na farko ya fi komai muhimmanci. Bikin da za a yi a zaure mai na'urar sanyi daban, wanda za a yi a filin makaranta ko a kan titin da aka tare da rumfa daban. Haidiranjiya, wannan mai tarin kai kamar ƙwallo da ake yawan gani a hotuna, ba ta daɗewa a rana take yin laushi. Tulif da fiyoni furannin ƙasashen sanyi ne, fiyoni ma 'yan makonni yake yi a Turai wajen watan Mayu da Yuni, kuma kawo shi ƙarƙashin rumfa a Nima kamar kai ƙanƙara kasuwar Laraba ne. Waɗanda ke jure wahala su ne kirisantimam da kaneshan da okid irin na ƙasar Tailan, sai kuma namu na gida da muka ambata. Mutane na raina kaneshan don ba shi da tsada, amma idan aka tara shi da yawa launi ɗaya, ƙalilan ne za su bambanta shi da abin da ya ninka shi kuɗi.

Batun lokaci kuwa, mun san kanmu. Katin gayyata ya ce ƙarfe 2, amarya ta iso ƙarfe 5. Furen da aka jera tun ƙarfe 11 na safe ya riga ya sha rana ta sa'a shida kafin mai hoto ya ɗauki na farko. A gaya wa mai fure lokacin gaskiya, ta gina komai da wuri, amma ta bar ɗanyen furen a inuwa cikin ruwa sai ana saura sa'a ɗaya ko biyu. Damin amarya ya zauna a cikin ruwa har sai za ta shiga mota, a goge gindinsa da tsumma don kada ya ɗiga a kaya. Da yake yawancin bukukuwanmu Lahadi suke kaiwa ƙarshe, wardi ya kamata ya iso wajen Laraba ko Alhamis don ya sami damar sha ya buɗe, a haɗa shi ranar Asabar, a ɗauke shi da sassafe cikin mota mai rufi. Kada a yarda a ɗora shi a bayan aboboya cikin rana don a rage kuɗin mota.

Amaryar zango ba kaya ɗaya take sawa ba, tana iya canzawa sau uku ko huɗu a yini, daga leshi zuwa kente zuwa doguwar riga, ga kuma launin yayin da ƙawaye suka ɗinka. Dami ɗaya ba zai dace da duka ba sai idan fari ne ko ruwan madara da koren ganye. A kawo wa mai fure ƙyallen kayan da hannu, domin launi a fuskar waya ƙarya yake yi. Damin kuma kada ya yi girman da zai rufe lallen da aka kwana ana zanawa, kuma idan lallen sabo ne yana iya rina farin ribon da aka naɗe hannun damin da shi. Wadda ke son lili ta tabbata an cire 'yan sandunan da ke tsakiyarsa masu ɗauke da gari ruwan lemo, domin garin nan idan ya hau farin leshi yana kama shi. In ya riga ya zuba, kada a goge da hannu ko a sa ruwa, a ɗauke shi a hankali da salatif. Sannan a tuna cewa amaryarmu ta riga ta sha turaren wuta da humra, idan aka ƙara mata lili ko tuberos masu ƙarfin ƙamshi a cikin zafi, ba abin mamaki ba ne kanta ya yi ciwo kafin a yanka kek.

Game da furen roba, ra'ayinmu shi ne babu abin kunya a cikinsa. Bangon da ke bayan ango da amarya, wanda babu mai taɓa shi sai dai ya fito a hoto, a yi shi da na roba mai kyau, a ɗauko haya. Ɗanyen fure a ajiye shi inda hannu da hanci za su kai, wato damin amarya da teburinsu da ƙila ƙofar shiga. Iyalin da suka yi haka za su kashe kaso kaɗan na abin da za su kashe idan suka ce komai sai ɗanye, kuma ragowar kuɗin ya fi amfani a kuɗin hayar ɗakin da ma'auratan za su zauna, tunda mun san yadda masu gidaje a garin nan ke neman kuɗin shekara ɗaya ko biyu a dunƙule. Abin da ba mu yarda da shi ba shi ne mai ado ta karɓi kuɗin ɗanye ta cusa na roba a tsakiya ba ta faɗa ba. A rubuta a takarda ko a saƙon waya: wane fure, kara nawa, wanne ne ɗanye, wanne ne roba, da abin da za a sa a madadi idan wanda aka zaɓa bai iso ba. Akwai kuma yayin naɗe takardun kuɗi a yi dami da su a kai wa amarya. A shekarar 2023 Babban Bankin Gana ya fito ya yi gargaɗi cewa yin haka da takardun sidi saɓa doka ne, saboda haka mai shagon da aka kawo wa irin wannan aiki ta san abin da take ɗauka.

Ga masu koyon haɗawa, koren soson nan da ake soke kara a ciki, wanda aka fi sani da Oasis, ba a danna shi cikin ruwa da hannu. A ɗora shi a saman ruwan a bar shi ya nutse da kansa, in ba haka ba tsakiyarsa zai zauna a bushe, furen da aka soka a wurin kuma ya mutu da ƙishi alhali waje na jiƙe.

Aikin mai fure ba ya ƙarewa da tashin amarya. A bikin zango, da an fara rabon abinci a leda, iyayenmu mata kan ɗauka cewa duk abin da ke kan tebur rabo ne, sai a ga Hajiya ta nufi gida da fure har da tulun gilashin da aka ɗauko haya. Furen dai a bar mata, gobe ma ba zai yi amfani ba. Tuluna da ƙarafan dandamali da furen roba kuwa jari ne, a ƙirga su a gaban wakilin dangi kafin taro, a karɓi kuɗin ajiya a kansu, sannan a tsayar da yara biyu a bakin rumfa tun kafin mai sanarwa ya ce a tashi a yi addu'a.